Garin Neman Gira, Ɗana

Ɗana, na ga hotunan da ka turo. Na ga teburin nan naka na gareji a Houston, ka baje ƙarafa da sifirin kamar rumfar mai gyaran agogo. Na yi murmushi. Mahaifiyarka kuwa ba ta yi ba. Ta kira ni daga Kano ina shirin sallar asuba, wai in yi maka magana. Ta ce yaro ya gama karatu lafiya, ya samu aiki, sai kuma ya ɓige da wasa da bindiga.

Kada ka ga laifinta. Inda take zaune, ƙarar bindiga ba ta taɓa zuwa da labari mai daɗi ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na ce abin da kake yi gasa ce mai alƙali da ƙa'ida, kamar sukuwar hawan sallah. Doki yana iya kashe mutum, amma ba don haka ake hawansa ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, to Yaya, amana na ba ka. Ka ga dalilin wannan doguwar takarda. Ka samo shayi ka zauna, tsoho ba ya gajarta magana.

Ni ma na yi wannan ƙuruciyar, sai dai ta same ni da furfura. Shekarun da na yi ina aikin injuna a Ohio, wani abokin aikina ne ya fara ja na filin harbi. Da ƙaramar bindiga ta hannu na fara. Da ido ya soma gajiya, sai na koma irin wadda kake so ka harhaɗa, doguwa mai ƙota a kafaɗa amma mai cin harsashin ƙarama. Su a fili PCC suke ce mata. Kada ka ɗauka sabon abu ne. Makiyayan yammacin Amurka sun riga mu. Winchester ta fito da doguwarta ta 1873 mai harsashin .44-40, bayan 'yan shekaru Colt ta yi libarba mai cin wannan harsashi. Mutum ya hau doki da bindiga 2 da jakar harsashi guda. Dabarar ke nan har yau. Harsashin ne ya sauya, yanzu kusan kowa 9mm yake harbawa, wanda Georg Luger ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20. Yana da araha, ba ya dukan kafaɗa, kuma filayen da ba sa yarda da manyan bindigogi suna yarda da shi.

Kafin mu taɓa ƙarfe, mu taɓa takarda. Ka yi haƙuri, na san ba nan kake so mu fara ba.

Kai baƙo ne a ƙasar nan, ko da katin zamanka na dindindin yana aljihu. Dokar tarayya ta yarda mai irin katinka ya mallaki bindiga. Abokanka da ke kan bizar karatu ko ta ziyara, su dokar ta hana, sai a wasu 'yan hanyoyi ƙalilan. Saboda haka ranar da wani zai ce maka, don Allah saya mini da sunanka, ka ce a'a da fara'a. Takardar nan da kake cikewa a shago, mai lamba 4473, tana tambayarka ko kai ne ainihin mai sayen. Ƙarya a wurin babban laifi ne. Kunyar aboki ta yini guda ce. Ɗaurin kurkuku da kora daga ƙasa kuwa, har jikokinka sai sun ji labari.

Sai maganar tsawo. A ƙarƙashin dokar 1934 da gyare-gyarenta, duk bindiga mai ƙota da bututunta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, sai an yi mata rajista ta musamman a hukumar ATF, kuma kafin a haɗa ta, ba bayan an haɗa ba. Hukuncin saɓa wannan yana kaiwa shekara 10. Na ga a hotonka akwai wani ƙarfe da ake murzawa a bakin bututu. Ka sani, abin da aka murza da zare kawai ba ya shiga awo, sai wanda aka liƙe shi dindindin. Ka sayi bututu mai cikakken inci 16 ka huta. Ɓangaren da ke ɗauke da lamba kuma, wanda doka take kallo a matsayin bindigar kanta, ka karɓe shi ta hannun dila mai lasisi. Texas tana da sassauci, amma Texas ba ita ce Amurka duka ba. Gidan harsashin nan mai cin 33 da kake alfahari da shi, a California ko New York ko New Jersey iyakar 10 ce. In za ka je gasa wata jiha, ka karanta dokarta tun kana gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mu zo kan teburinka.

Yawancin irin waɗannan bindigogi ba su da makulli a ciki. Ka yi tunanin ƙofar zaure da babu sakata a bango, sai wani ƙaton mutum da ya jingina da ita. Idan albarushi ya kama, harsashi ya yi gaba, kwanso kuma yana so ya yi baya. Ba abin da ke riƙe kwanson sai nauyin ƙarfen da ke bayansa, da wani ƙarfen nauyi na biyu a bayan wancan, sai sifirin da ke mayar da su. Nauyin nan ne ke jinkirta buɗewar ƙofa har wutar da ke cikin bututu ta lafa. A irin samfurin da ka zaɓa, shawarar da aka saba bayarwa ita ce nauyin ƙarafan biyu a haɗe ya kai wajen oza 22 ko fiye, wato ya haura rabin kilo. Wannan nauyi yana kai da komo a kowane harbi. Shi ya sa ka ji mamaki da ka ce ɗan ƙaramin harsashi amma bindigar tana tsalle. Ba harsashin ba ne, ƙaton nan ne yake gudu ya dawo.

Akwai masu wata dabarar. MP5 ta Jamus, tun shekarun 1960, 'yan ƙananan ƙarafa masu mirginawa take amfani da su wajen jinkirta buɗewa. CMMG tana da tata mai sa ƙarfen ya ɗan juya kafin ya ja baya. MPX ta SIG da iskar albarushi take aiki. Duk sun fi laushi a kafaɗa, duk kuma sun fi tsada. Ruger, a wadda ta fitar ƙarshen 2017, sai ta saka wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a ciki yana shanye girgiza. Da ka tambaye ni tun farko, da na ce ka sayi irin wannan haɗaɗɗiya daga kamfani, ka harbe ta shekara guda, sannan ka san abin da kake nema. Amma ka riga ka sayi kaya. Ba komai. Mai son gini ba a hana shi kwaɓa ƙasa.

Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka maimaita.

Shekarar da na haɗa tawa, tana aiki lafiya lau. Harsashi ɗari biyar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Sai zuciya ta ce, ai za ta fi haka laushi. Na yi odar ƙarfen nauyi mara nauyi daga wani mai sayarwa, na sa sifirin mai taushi, na sauya kunama, na koma wani harsashin. Duk a yammacin Asabar guda. Washegari a fili, harbi na 12 ko 13, sai na ji zafi a kumatu kamar an watso mini yashi. Na tsaya. Na ɗauki kwanson daga ƙasa, gindinsa ya kumbura kamar cikin kwaɗo, gefe ɗaya ya tsage. Ƙofar ta buɗe wuta ba ta lafa ba. Gilashin kariya ne ya tsare mini ido, da ikon Allah. Garin neman gira na kusa rasa idon, ba da karin magana ba, da gaske.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban san wanne daga cikin abubuwa 4 ɗin ya jawo ba. Sai da na mayar da komai yadda yake, na fara daga farko, na ɓata wata 2. Hajiya, mai ɗakina, ta ce da ni, kai da kake gyara injin masana'anta, ka manta abin da kake koya wa yaranka? Gaskiya ta faɗa. Mai miya ba ta ƙara gishiri da daddawa da barkono lokaci guda sannan ta ce wanne ya ɓata.

Saboda haka ka sayi ɗan littafin rubutu. Na takarda, ba waya ba, hannu mai maiƙo ba ya shiri da waya. Ka sauya abu ɗaya. Ka rubuta ranar da abin da ka sauya da irin harsashin. Ka harba ɗari biyu ko uku. Ka tsince kwansonka ka duba su a tafin hannu, domin kwanso ba ya ƙarya. In ka ga kumburi, ko tsaga, ko baƙin hayaƙi ya wuce kima, ka ajiye bindigar ka kai wa maƙerin bindiga mai lasisi. Ba kasawa ba ce. Ni da shekaruna a kan injuna, har yanzu akwai aikin da ba na yi da kaina. Kunama musamman. Mai laushi tana da daɗi, amma irin wannan bindiga tana dukan kayan cikinta da ƙarfi, kuma kunamar da ba a yi ta don wannan duka ba tana iya lalacewa, ko ta saki harbi 2 a taɓawa guda. In hakan ta taɓa faruwa, a nan take ka daina. Haɗari ne, kuma matsala ce ta doka.

Ka lura da gidan harsashi. In bindiga ta fara gardama, galibi shi ake fara tuhuma. Ka rubuta wa kowanne lamba a gindi. In mai lamba 3 ya tsaya maka sau biyu, ka san ɓarawonka.

Yanzu in nuna maka lissafin da zai sa ka daina bin laushi ido rufe. A gasar USPSA, wadda ta buɗe wa irin bindigarka rukuni wajen 2016, ana raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Tsakiyar kwalin da ake harbi maki 5 ne, na kusa da shi 3, gefe 1. Kuskure gaba ɗaya, a cire maka 10. Ka ce ka tara maki 100 a daƙiƙa 20. Sakamakonka 5. To bindiga ta cije maka sau ɗaya, ka ɓata daƙiƙa 4 kana fama da ita. Ka koma 4 da ɗan ɗoriya. Laushin da ka saya da dala ɗari biyu, ɗan abin da zai rage maka ko ƙiftawar ido bai kai ba. Cijewa guda ta cinye shi har da riba. Jakin da zai kai ka kasuwa ya fi dokin da zai kayar da kai a hanya.

Harsashi ma yana da nasa lissafin. Ana ninka nauyinsa da gudunsa a raba da 1,000, kuma dole amsar ta kai 125. Mai nauyin giren 115 sai ya yi gudun ƙafa 1,087 a daƙiƙa. Mai 124, ƙafa 1,008 da ɗan kai. Mai 147 kuwa 851 ta ishe shi. A manyan gasa ana aunawa da na'ura, wanda ya gaza ya yi harbin banza, makinsa ba ya shiga lissafi. Samari suna son su tsaya daidai bakin 125 don laushi. Kada ka yi. Sanyin safiya kaɗai yana iya rage gudu. Ka bar wa kanka rata, 130 ko sama. Kuma akwai abin da ya fi maki. Harsashi mai rauni a dogon bututu yana iya maƙalewa a tsakiya. Za ka ji ƙarar ta fito 'yar siririya, fus, ba kamar kullum ba. Duk ranar da ka ji haka, ko agogo yana gudu, ko kai ne kan gaba, ka cire yatsa ka tsaya. Na bayansa in ya tarar da shi a hanya, bututun ne zai fashe a hannunka. Shekarar farko ka tsaya kan harsashin kamfani iri ɗaya. Ɗura naka da kanka wani karatu ne daban, za mu yi shi wata rana in da rai.

Madubin saiti mai jan ɗigo, kada ka sayi na banza, girgizar nan tana kashe shi. Araha ba ta ado. Ka daidaita shi a yadi 25, ya ishi yawancin gasa. Amma ga abin da ke kayar da sababbi. Madubin yana zaune kusan inci 2 da rabi sama da bututu. A nesa ba ka ji. A yadi 3 ko 5, harsashi zai sauka ƙasa da ɗigonka da kusan wannan tazarar. Masu tsara fili sun san haka sarai, mugaye ne masu fara'a. Sai su ɗora farin kwali, wanda ba a harbi, daidai ƙasan inda za ka saita. Ka taɓa shi, maki 10 sun tafi. Magani ba a shago yake ba. Ka kafa kwali a yadi 3, da 5, da 10, da 15, ka harba, ka ga inda yake sauka, ka rubuta a littafinka.

Da ni ne kai, da Steel Challenge zan fara. A California aka soma ta a 1981. Faranti 5 na ƙarfe, kana tsaye wuri guda a yawancin zagayen, ka harba sau 5, a yafe maka mafi muni. Ina son gasar da take yafiya. Galibi babu gudu da bindiga a hannu, sai kai da ido da yatsa. Kuma ƙarar farantin nan, ƙwal, tana da daɗin da ba zan iya kwatanta maka ba. Za ka ga yara 'yan shekara 12 da kakanni mata suna harbi da 'yar .22, wasu su wuce ka ka rasa inda za ka sa fuska. Ka gaishe su, ka tambaye su. Mutanen fili suna son mai tambaya, kuma sun fi son mai taya su manna takarda a kwali da fentin faranti. Wanda ya harba nasa ya koma inuwa ya zauna, ba a faɗa masa komai, amma an gan shi.

Na san kana kallon bidiyon Lena Miculek kana cewa wace bindiga ce a hannunta. Ka kalli ubanta, Jerry. A 1999, yana da shekara 45, ya saki harsashi 8 cikin daƙiƙa 1 da libarba. Ba sifirin ya ba shi wannan ba. Shekaru ne na maimaici. Kai ma minti 10 kowane dare ya ishe ka, da bindiga babu harsashi, kana ɗaga ta zuwa kafaɗa kana neman ɗigo. Amma ka ji sharaɗin. Harsashi yana wani ɗakin daban, ka duba cikinta sau biyu, ka fuskanci bangon da ba kowa a bayansa. In ka ce na gama, to ka gama. Yawancin ramukan da ke bangon gidajen mutane, daga "bari in ƙara ɗaya" suka fito.

Ni ma an taɓa korata daga gasa, ka sani? Ina da shekara 50 da wani abu. Akwai ƙa'idar da suke kira ta digiri 180. Bakin bindiga ba zai taɓa juyowa ya wuce layin da ya raba gaban fili da bayansa zuwa inda mutane suke ba. Ina ja da baya daga wani lungu, doguwar bindiga ta ɗan karkata. Ɗan kaɗan. Alƙalin, yaro ne da na haife shi, ya daka tsawa in tsaya. Na sauke harsashi, na nuna masa ciki fayau, na sa 'yar tutar roba da ake sawa a ramin harsashi, na mayar da ita jaka. Ranar ta ƙare mini tun ƙarfe 10 na safe. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma na zauna har yamma ina taya su aiki, na kuma je na yi masa godiya. A bayana akwai mutum kusan 12, kowanne da mai jiransa a gida. In ranarka ta zo, kuma takan zo wa kusan kowa, kada ka yi musu. Ka ce na gode.

Akwai maƙiyi 2 da ba sa ƙara, su na fi jin tsoro a kanka. Na farko kurumta. Harbin 9mm yana kaiwa wajen desibel 160, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka toshe kunne da na ciki, ka ɗora na waje a kai, musamman a filin cikin gini. Kunnena na hagu yanzu kuka yake mini dare da rana kamar gyare. Hajiya ta ce na zaɓi abin da nake ji ne. Wani lokacin gaskiyarta, amma ba kullum ba.

Na biyu dalma. Tana cikin harsashi, tana cikin hayaƙin, kuma irin bindigarka tana feso datti baya wajen fuska fiye da sauran. Kai ɗan Arewa ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka tuna Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu ba mugunta suka yi ba. Dutsen zinariya suka kawo gida suna daka, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da zai biyo ka daga fili bai kai wannan ba ko kusa, amma hanyar ɗaya ce, tufafi da takalmi da hannu. Matarka tana da ciki. Kada ka ci abinci a fili sai ka wanke hannu da sabulu. Takalmin fili ya tsaya a gareji. Kayan da ka sa a wanke su daban. In kana zuwa duk mako, ka ce likita ya riƙa auna maka jini sau ɗaya a shekara.

Kuma tun kafin yaron nan ya iso, ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, ka kafe shi a bango. Kuɗin da ka ware na sabuwar kunama, ka juya su nan. Bindiga a kulle, babu harsashi a cikinta, harsashi a nasa wurin. Yaro ɗan shekara 3 ya san inda kake ɓoye alewa, zai san inda kake ɓoye komai.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne na mahaifiyarka. Ka ce za ku je gida bayan suna. Jakar fili daban, jakar tafiya daban, kada su taɓa haɗuwa. Kwanso guda fanko da ya maƙale a ɗinkin aljihu ya isa ya tsayar da kai a filin jirgi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta san gasar Asabar ba, kuma a halin da ƙasa take ciki ba wanda zai tsaya jin bayaninka. Hotunan nan ma kada ka baza su a zauren dangi na WhatsApp. Kai ka san wasa ne. Wanda hoton zai faɗa hannunsa na biyar bai sani ba.

Ka kira ta ranar Juma'a. Kada ka yi mata maganar oza da inci. Ka ce mata akwai alƙali, akwai akwati mai makulli, kuma Kawu yana duba littafinka. Ina nan zuwa Houston bayan ƙaramar sallah in Allah ya yarda. Ka bar wa bindigar sifirin da ya zo daga kamfani har in iso, ka tara mini kwanson harbinka na ƙarshe a leda. Ka gaida mai ɗakin naka, ka ce mata yajin da Hajiya ta yi alkawari yana cikin kayana.